Kukan Bindigar Ayuba

Ku samarin da kuke shigowa zaurena kuna ɗaga kai kuna kallon bango, maganar da kuke yi in kun fita tana dawo mini. Wai tsoho ya ci banza, ya ƙare rayuwarsa a zaune a kan buzu yana ƙwanƙwasa ƙarfe, yana cewa wannan ta yi, wannan ba ta yi ba. Zaman kam gaskiya ne. Ni ba mutumin yawo ba ne. Sau uku na je Kaduna a duniya, kuma duk ukun tun kafin la'asar nake tambayar motar Birnin Gwari. Boko kuwa a ajin yaƙi da jahilci na tsince ta, shi ya sa za ku ga rubutun nan yana tafiya kamar hira. To ku yi haƙuri ku bi ni, in gaya muku yadda ake duba tsohuwar bindiga, in kuma gaya muku wadda na duba na yi mata shaidar ƙarya.

Sunana Sule. A maƙerar kawuna Garba na tashi, ƙanin mahaifiyata. Shi fartanya da gatari yake ƙerawa, amma abin da ya sa aka san shi har ƙauyukan bakin daji shi ne bindiga. Ba ƙera ta ba, duba ta. A lokacin da aka sami 'yancin kai bindiga iri uku ce a hannun mutanenmu. Akwai mai ƙanƙara, wadda dutse ke ƙyasta mata wuta, ita kam ta kusa ƙarewa. Akwai ta gida, wadda maƙera ke yi da bututun sitiyarin mota. Sai mai hula, ƙirar Turai ta zamanin kakanni, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, a ɗora wata 'yar hular jan ƙarfe a kan wani ɗan tsini da muke ce wa nono, kunama ta sauko ta daki hular, wuta ta shiga ciki. Ita ce sana'ata. Ta girmi duk wanda ke riƙe da ita, ta bi hannu goma kafin ta zo gare ka, kuma babu wanda zai gaya maka abin da aka yi mata a hanya.

Bindigar farko da Kawu ya miƙo mini ta wani maharbi ce daga Gwaska. An naɗe mata ƙota da jar fata, an yi mata ado da layu, tana ta ƙyalli da man kaɗe. Na juya ta, na shafa, na ce ta yi. Kawu ya ɗauki aska ya yanke fatar nan, maharbin yana ta salati. A ƙarƙashi ƙotar ta tsage tun daga wuya har gindi, an cusa ƙaro an rufe. Ya ce da ni, "Kai, Sule, duk inda ka ga an ƙawata, me ake ɓoyewa? Sake dubawa." Ranar na san aikin ido. Ana cire bututu daga ƙota, don tsatsa ta fi son inda itace ya rufe. Ana duba tambarin da maƙerin Turai ya buga a gindi, a ga ko nasa ne ko wani ya kwaikwaya da kurfi. Ana jefa ɓallin madubi a ciki a karkata wa rana, a ga ko cikin ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana. Ana ɗana kunama a saurara: ta ƙwarai sau biyu take cewa ƙas, ƙas, a tsabtace, ba ta jan ƙafa.

Ido kuwa shi ne ƙaramin aikin. Babban yana kunne. Za ka ɗaure bututun da zaren kaɗi, ka rataye shi a azarar zaure yadda ba zai taɓa komai ba, ka ɗauki guntun ƙahon barewa ka buga a baki, ka buga a tsakiya, ka buga a gindi. Ƙarfe mai lafiya kuka yake yi mai tsawo, siriri, yana tafiya yana tafiya har ka rasa inda ya ƙare. Wanda ya mutu sai ya ce maka ƙwal, ya yi shiru. Waɗannan biyun ko kurma ya kusa rabewa. Wahalar tana tsakani, wurin bututun da zai yi maka kuka mai daɗi, sai can a wutsiyar kukan ka ji wani ɗan zuuu kamar ƙuda a cikin kwalba. Shekara shida ina rataye ƙarfe kafin Kawu ya yarda na ji ƙudan nan da kunnena, ba don na ga ya ɓata fuska ba.

Na uku shi ne igiya. In ido ya yarda, kunne ya yarda, sai a fita bayan gari. Akwai wata ɗorawa da muke zuwa. A yi wa bindiga ɗuri biyu a haɗe, a ɗaure ta tamau a jikin itacen, a ɗaura doguwar igiya a kunama, kowa ya koma bayan suri, a ja. In za ta fashe, ta fashe a jikin ɗorawa. Ɗorawar nan duk jikinta tabo ne, kuma kowane tabo hannun wani ne da Allah ya bar masa. Wannan igiyar ita ta cinye wa Kawu kunnen dama, ni ma ta rage mini nawa daga baya.

Wadda ta faɗi kuwa, ko a kunne ko a ido, dokar Kawu guda ce. A narka dalma a zuba mata a nono, a toshe, yadda ko ɗan mai ita ya ɗauka bayan ransa ba za ta tashi ba. Mutane da yawa in an yi haka ba sa son komawa da ita gida. Sai su ce, "Bar ta nan, me zan yi da gawa?" Kawu jefa su yake yi bayan zugazugi, in ya bukaci ƙarfe ya yanka. Ni ne na fara tsince su ina gogewa. Da ya rasu zauren ya dawo hannuna, sai na kafa ƙusoshi na rataye su. Ina son su, ba zan ɓoye ba. Akan sami wadda aka yi wa zanen ganye a jikin ƙarfe, siriri kamar da allura. Akan sami wadda in ka kwance ta, ko a cikin da babu mai gani maƙerin ya goge ya gyara kamar za a kai gaban alƙali. Mutumin da ya yi wannan ban san sunansa ba, ban san yarensa ba, amma na san ba ya ha'inci. Har wani Bature malamin makaranta ya taɓa zuwa daga Kaduna yana son ya kwashe su. Na ba shi ruwa, na bar shi ya shafa, na raka shi mota. Daga nan mutanen gari suka sa mini Mai Bango.

Wanda ya fi kowa kiran sunan nan shi ne Ayuba na Dogon Dawa. Manomi ne, Bagwari, Kirista, dogo mai dariya da dukan ciki. Mun san juna tun yana kawo wa Kawu garma gyara. Duk ranar kasuwa a zaurena yake ajiye kayansa, Indo mai ɗakina ta aiko masa da fura, ya sha ya ce ta fi ta jiya ko da jiyan bai zo ba. In lokacin salla ya yi ya tsare mini zaure, in na dawo ya ce, "Na ƙirga su, Mai Bango, ba wadda ta tashi daga matattu."

A gidansu akwai bindigar da ban taɓa ganin irinta ba, har yau. Sau ɗaya na je Dogon Dawa, ta'aziyyar mahaifinsa, a nan na gan ta rataye a saman ƙofar ɗakin tsohon. Bututunta ba zagaye ba ne, kusurwa takwas gare shi. Ƙotar wani baƙin itace ne mai ruwa-ruwa wanda babu shi a dajinmu. An zana barewa tana waiwaye a jikin ƙarfen kunama, har gashin wuyanta ana gani. Da na leƙa bakinta sai na ga tsaga tana murɗawa a ciki kamar igiya, wadda ke juya harsashi ya tafi sak. Kakan Ayuba ya samo ta a hannun wani farke. A gidan makoki nake, amma sai da na yi ta satar kallonta har Ayuba ya kama ni. Tun daga nan na shiga uku da shi. Shekara takwas ina cewa ya kawo in duba masa, yana cewa, "In kawo ta asibitin da ba a sallama?" Na yi masa tayin musanya da bindiga biyu masu lafiya. Na yi masa tayin keke. Duk kasuwa ta san Mai Bango yana kwaɗayin bindigar Ayuba, har yara sun sani.

Sai ga shekarar fari, bayan yaƙin basasa. Ku ba ku gan ta ba. Ruwa ya zo a makare, ya ɗauke ƙafa tun dawa ba ta yi ciki ba. Gonakin tudu suka bushe a tsaye. Rafukan da ban taɓa ganin gindinsu ba aka riƙa tona su da ƙwarya. Dabbobin daji ma yunwar ta kama su, suka fito. Gwaggon biri ya daina tsoron mutum, garke guda zai shigo gona da rana tsaka, mace ta yi ihu ya tsaya yana kallonta. Duk wanda yake da ɗan abin da ya tsira a bakin fadama, a can yake wuni da sanda. Shekarar na duba bindiga fiye da kowace shekara, kuma mafi yawansu ba su cancanci a ɗura musu komai ba. An zaro su daga rufin ɗaki, daga cikin rumbu, wata ma zanzaro ya yi gida a bakinta. Albarushi kuma ya yi wuya tun lokacin yaƙi, hula ta fi shi wuya. Nawa ya ƙare tun farkon kaka.

Ranar wata Alhamis da hantsi Ayuba ya yi sallama. A ƙasa ya zo, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Yana ɗauke da wani dogon abu naɗe cikin tabarma. Tun kafin ya kwance na san ko mene ne.

Ya ce, "To, Mai Bango, ga amaryarka na kawo maka gani. Gani kawai."

Na ce, "Sannu da hanya. Ina mai ɗakinka Saratu da yara?"

"Suna gona suna jifan birai. Ɗan abin da ya rage mana ke nan, dawar bakin rafi da kunya goma sha biyu ta doya. In na kashe babban nasu guda ɗaya na rataye a itace, sauran za su ba mu sati biyu. Sati biyu kawai nake nema in girbe."

Na shimfiɗa buhu na kwantar da ita. Na zura sandar ɗuri don in auna zurfinta, sai sandar ta tsaya da saura kamar yatsa huɗu. Na ce, "Ayuba, akwai ɗuri a cikinta."

Ya ce, "Na Baba ne. Shi ya ɗura da hannunsa kafin ya kwanta ciwo. Da ya mutu muka ce ba mai taɓawa, a bar masa abinsa."

Shekara takwas ke nan. Albarushi yana shan raɓa, in ya sha kuma ƙarfe yake ci, daga ciki inda ido ba ya kaiwa. Na sa ƙugiya na yi ta sakata har na zaro tsumma da dalma. Abin da ya biyo baya ba gari ba ne, wani baƙin dunƙule ne kamar busasshen kashin akuya, da ɓarɓashin jar tsatsa a jikinsa. Na wanke cikin da ruwan zafi sau uku, na busar, na jefa madubi. Daga baki har tsakiya tsagar nan tana nan kamar jiya aka yi ta. Gindin kuwa duhu ne, haske ba ya kaiwa. Na gwada kwance toshiyar gindin, ta ƙi. Da wata bindiga ce da na sa ta a wuta na murɗe da ƙarfi. Wannan na ji tsoron in ɓata mata zane, na bari.

Na ɗaura zare na rataye bututun. Ayuba yana zaune a bakin ƙofa yana shan kunun da Indo ta aiko, kunun da kana ganin gindin kwano ta cikinsa. Na buga a baki. Wallahi ban taɓa jin kuka irin wannan ba, kamar ba zai ƙare ba. Na buga a tsakiya, haka. Na buga a gindi. Ya yi kuka, ya tafi, ya tafi, sai can a ƙarshe ƙudan nan ya ce zuuu.

Na sake bugawa. Yana nan.

Ayuba ya ajiye kwano yana dariya. Ya ce, "Kalli fuskarsa! Yanzu zai ce ta mutu. Na gaya wa Saratu tun a gida, na ce Mai Bango ya riga ya kafa mata ƙusa. Ina ƙusar? Waccan ce ta kusa da taga?"

Akwai mutum uku a zauren suna jiran a duba musu nasu. Duk suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Ai shekara takwas yana jiran ranar nan."

Sai na ji Indo daga cikin gida tana cewa, "Malam, ɗan zo mana." Ba ta saba kirana in ina da baƙi ba. Na shiga na same ta tsaye a bayan ƙofa da rariya a hannu. Ita ba ta san komai game da bindiga ba, amma shekara goma sha biyar tana jin bugun nan ta cikin katanga, kuma ba a taɓa sayar mata da tukunya mai tsaga a kasuwa ba.

Ta ce, "Ta Baban Dauda ce ka buga yanzu?"

Ayuba take nufi, Dauda babban ɗansa ne. Na ce ita ce.

Ta ce, "Da tukunya ce, da ban saya ba."

Na ce, "Ke kuma yaushe kika zama maƙeriya? Koma wa aikinki."

Na dawo na ce da Ayuba sai mun kai ta ɗorawa. Ya kwance ƙahon albarushinsa ya girgiza mini a kunne, ya buɗe wata 'yar batta ya nuna mini hula biyar. Ya ce, "Ɗuri huɗu ne a nan, da akuyar Saratu na same shi. Ka ƙone mini biyu a jikin itace, in je in yi wa birai me da sauran? In yi musu wa'azi?"

Na ce to ya bar ta, in ba shi aron wata ta gida da nake da ita, mummuna ce amma lafiyarta ƙalau.

Ya tafa hannu. "Kun ji ko? Ba na faɗa ba? In bar masa ta kakana in tafi da bututun mota. Kuma lasin ɗina lambar wannan ke jiki, in ɗan doka ya tare ni in ce masa me?" Sannan ya daina dariya ya dube ni. Ya ce, "Sule, bar wasa. Kai ne mai kunne. Ta yi ko ba ta yi ba?"

Ga abin da ya kamata in yi, kuma na san shi sarai a lokacin. In ce ba ta yi ba, in narka dalma in toshe ta a gabansa, ya zage ni, mutanen nan uku su kai labari kasuwa cewa Mai Bango ya kashe bindigar abokinsa a shekarar yunwa don ya rataye. Da an yi ta faɗa har in mutu. Na dubi mutanen, na dubi ƙusar da ke kusa da taga, wadda kuwa gaskiya ce babu komai a kanta. Na ce, "Za ta yi. Amma ka rage mata ɗuri, kada ka cika."

Ya ce, "Kun ji da bakinsa." Na mayar da bututun cikin ƙota, na shafa mata mai, na gyara mata nono, na naɗe masa a tabarma da hannuna. Mutanen nan suka yi ta yaba mini, wai ashe ni mutumin kirki ne. Da ya fita ya leƙa ta kan katanga ya ce, "Uwar gida, a gaishe ki da kunu, ya fi na jiya." Indo ta ci gaba da tankaɗenta.

Kwana tara bayan nan ƙaninsa ya zo a kan keke, da rana, ƙafafunsa duk ƙaya. Ya ce harbin farko bindigar ta tashi lafiya, Ayuba bai samu ba. Na biyu ya hango babban birin a kan suri, ya ce wannan karon ba zai kuskure ba, ya ƙara ɗan albarushi kaɗan. Gindin ya buɗe daidai inda hannun hagu ke riƙewa. Mutum huɗu suka ɗauko shi a kan ƙyauren ɗaki har bakin hanya, suka zauna jiran mota daga hantsi har la'asar, sai wata motar itace ta tsaya. A asibiti aka yanke hannun daga wuyan hannu. Idon hagu ma bai dawo ba. Kuma da yake duk mazan gidan sun tafi da shi, kwana biyu babu kowa a bakin rafi sai Saratu da yara. Birai suka gama da dawar, aladen daji suka tone doyar.

Ba zan tsaya ina gaya muku yadda na ji ba, ba shi ne amfanin rubutun nan ba. Abin da ya faru shi ne, an raba yaransa uku a gidajen dangi, ƙaramar ba ta kai damina ba. Dauda, babban, ya bar makaranta ya kama garma. Saratu ta riƙa shigowa gari da itace a kafaɗa, kuma hanyar kasuwa ta gaban zaurena ta bi. Matar da take tsayawa ta yi wa Indo hira har rana ta karkata, sai ta riƙa wucewa kanta a gaba. Na aika musu da ɗan abin da na iya, aka karɓa, ba a aiko da komai ba. A gari kuwa babu wanda ya zarge ni. Mutanen nan uku sun shaida na ce ya rage ɗuri. Kowa cewa yake yi Ayuba ne ya cika mata ciki. Sana'ata ko girgiza ba ta yi ba.

Sai da damina ta dawo aka yi shuka sannan ya zo. Ina zaune ina gyaran wata kunama na ji sallama. Ya shigo da buhu a kafaɗa, hannun rigar hagu an ɗaure shi da zare. Ya zazzage buhun a gabana. Ƙotar ta rabu biyu. Gindin bututun ya buɗe kamar furen kabewa, kuma a nan na ga abin da madubi bai nuna mini ba: tsatsa ta cinye ƙarfen daga ciki har ya koma kamar ɓawon ƙwai. Barewar nan tana nan tana waiwaye, ko ƙwarzane babu.

Ya ce, "Ga ta. Ƙusar tana nan?"

Na ce, "Zauna, Ayuba."

Ya zauna a inda ya saba. Indo ta aiko da fura, ya karɓa ya ajiye a gefe. Mu biyu ne kawai a zauren. Ya juyo da idon da ya rage ya ce, "Abu ɗaya na zo tambaya. Ranar da ka buga ta, ka ji?"

Na ce, "Na ji."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya ce, "Ni ma na san wani abu. Da ka zaro ɗurin Baba na ga jar tsatsar nan, jikina ya ba ni. Kana tsammani don me na taho tun daga Dogon Dawa a ƙasa, da yunwa? Don ka yabe ta? Ai na san tana da kyau. Na zo ne wurin wanda zai hana ni."

Na ce, "Ka yi ta yi mini ba'a a gaban mutane."

Ya ce, "Shekara nawa ina yi maka ba'a? Ba'a aikina ce. Naka fa?"

Ya tashi, ya sa buhun da ba komai a hammata, ya tafi. Furar tana nan inda ya ajiye.

Ita ce waccan ta kusa da taga, wadda kuke tambaya me ya sa na rataye fasasshiya a tsakiyar masu kyau. Ita ce ta ƙarshe da ta hau bangon nan. Daga ranar na canja dokar Kawu. In bindiga ta faɗi, ina toshe ta da dalma a gaban mai ita, in naɗe masa, ya tafi da gawarsa gida. Ko ya roƙe ni ba na karɓa, ko kyauta, ko an yi mata zanen zinariya. An kawo mini waɗanda na yi kwana uku ina tunaninsu bayan sun tafi. Amma ba wanda ya sake samun bakin cewa ina kashewa don in rataye, ni ma ban sake samun wannan abin fakewa ba. Kuma in na rataye bututu na buga, nakan ɗaga murya in ce, "Indo, kin ji?" Masu kawo aiki suna dariya. Har ta rasu ban sallami bindiga ba sai ta amsa daga cikin gida.

Ayuba ya yi shekara goma sha ɗaya a raye bayan nan. Ya koyi riƙe fartanya da hannu ɗaya da dungu. Bai daina zuwa kasuwa ba, bai kuma daina ajiye kayansa a zaurena ba, don ba shi da wani wurin. Yakan yi sallama, ya tambayi iyali, in lokacin salla ya yi ya tsare mini zaure kamar da. In na dawo sai ya miƙe ya ce, "To, Malam Sule, na gode, zan kama hanya." Malam Sule, da ladabi, kamar baƙon da ya zo gyaran garma. Duk garin nan har yau Mai Bango ake ce mini, har ku da ba ku san mafarin sunan ba. Shi kaɗai ne bai sake kirana da shi ba har ya mutu.